Kawu Datti Ya Ƙi Haɗiya

Kawu Datti ya sake ɗaga hannu, ya ture tiyon da ke zuƙe jini daga bakinsa, ya yunƙura ya tashi zaune, ya tofar a ɗan kwanon da ke jikin kujera. Ya leƙa abin da ya tofar, ya girgiza kai, sannan ya koma ya kwanta a tsanake, ko a jikinsa. Audugar da na danne ramin saiwar haƙorinsa da ita tana can cikin kwanon. Jinin da na samu ya fara lafawa da ƙyar ya dawo sabo.

Da wani ne, wallahi da tuni ya ji ta bakina. Ni Rumasa'u ko a gida ba a san ni da haƙuri ba, balle a ɗakin aikin haƙori. Na taɓa sauke wani darakta daga kujerar nan saboda ya amsa waya ina tsakiyar aiki a bakinsa. Amma wannan yayan mahaifiyata ne, limamin masallacin unguwarsu a Karu, mutumin da har gobe sai na durƙusa nake gaishe shi. Sai na danne abin da ya taso min, na ce, "Kawu, don Allah a daure a daina tashi."

"To," ya ce. Da wannan "to" ɗin yake ta kashe ni tun safe.

Haƙoransa biyu na gaba, na sama, ɗaya ya tafi tun shekarun baya da wani ɗan acaɓa ya watsar da shi a Nyanya. Wanda ya rage shi ma ya bugu a ranar, ya mutu a tsaye. An wanke masa saiwar ta ciki, an sake wankewa, amma ƙurjin da ke can ƙarshenta a cikin ƙashi ya ƙi mutuwa. Ya lafa, ya kumbura, ya fashe, ya sake taruwa. Dabara ɗaya ta rage kafin cirewa, ita ce wadda nake yi: a yanka dadashi a ɗaga shi, a huda ƙashin ɗan rami da bai fi ƙwayar gurjiya ba, a kankare ƙurjin, a datse ƙarshen saiwar, a toshe ta da wani siminti na musamman.

Cirewa kuwa Kawu ba ya ko son jin sunanta. An taɓa yi masa haƙorin roba a wancan giɓin, ya cire ya jefa a aljihu, wai yana masa fito a cikin karatu. Ya ce akwai haruffan da ba sa fita daidai sai harshe ya taɓa haƙorin gaba, kuma ran da wannan ɗayan ya tafi, a ranar zai miƙa wa na'ibinsa limanci, don ba zai tsaya gaban jama'a yana tauna karatun sallah ba. Kawu kuwa in ya faɗa sai ya aikata. Limancin nan shi ne rayuwarsa tun kafin a haife ni.

Duk wahalar aikin nan a jini take. Simintin ba ya kamawa a jiƙe, jini ya taɓa shi ya wanke shi. Kuma ta madubin ƙara girma nake leƙen ramin, inda ɗigo ɗaya ke rufe komai. A cikin allurar kashe zafi akwai maganin da ke matse ƙananan jijiyoyi ya ba ka ɗan lokaci wurin yana bushe. Ɗan lokaci ne ƙwarai, in ya wuce jinin kan dawo fiye da farko. Na riga na yanka, na huda, na datse saiwar. Babu komawa baya, lokacin kuma yana ta tafiya a cikin kwanon tofi.

Perpetual, nas ɗin da ke taimaka min, 'yar wajen Kafanchan, ta matso kusa da kunnena.

"Dokta, wannan jini bai tsaya fa. Ko in sake duba BP?"

Ta ɗaura masa abin awo a dantse. Na ga fuskarta tun kafin ta juyo min da shi. Da safe ya ɗan hau, na ce fargabar kujera ce, kowa na yi. Yanzu kam ya yi sama da gaske.

Na mayar da dadashin, na rufe shi da jiƙaƙƙiyar auduga, na ja kujerata baya.

"Kawu, an sha maganin hawan jini yau?"

Ya kalli silin.

"An karya kumallo?"

"Alhamdulillahi."

"Na san alhamdulillahi, Kawu. Tun fitowar rana wani abu ya shiga cikin nan?"

Ya ci gaba da kallon silin kamar an rubuta masa amsar a can. Perpetual ce ta dafa kanta.

"Dokta! Yau Thursday ne fa."

Alhamis. Kaf danginmu babu wanda bai san Kawu ba ya shan ruwa Litinin da Alhamis ba. Ni ma na sani, shi ya sa jiya na kira shi musamman na ce a bar azumin gobe, a ci abinci, a sha magani. Ya ce min, "Allah ya kai mu." Ni kuma da ƙuruciya na ɗauka ya amsa.

"Allura ba ta karya azumi," ya ce, leɓensa na sama a sanƙare, maganar na fita a karkace. "Na bincika. Amma jinin nan da ruwan da kuke fesawa, in na bari suka wuce maƙogwaro ina sane, ai na ɓata."

"Tiyon nan aikinsa ke nan, Kawu. Shi zai zuƙe."

"Ba ya zuƙewa duka. Ina ji yana taruwa."

"Nafila ce fa. Ba farilla ba."

"Nafilar da aka fara cika ta ake yi."

"Larura ce ta zo."

"Larura ita ce mutum ya galabaita. Ni lafiyata lau. Haƙori ne."

"Haƙorin da aka ce in ya tafi limanci ya tafi?"

"In haka Allah ya ƙaddara."

Kamar in kurma ihu. Na duba tiren kayan aikina, komai na nan, babu wanda zan iya taɓawa. Akwai 'yar auduga mai maganin matse jijiya, amma a kan wannan hawan jinin ba zan ƙara masa ba, kada in zo gyaran haƙori in taɓa zuciya. Akwai wani ruwa mai launin tsatsa da ke daskarar da jini nan take, amma yana ƙona nama in ya ɗiga inda ba a so, sai mutum ya kwanta ko motsi babu. Ko dannewar da kowa ya sani, sai an ɗora an riƙe an jira. Shi kuwa da na ɗora, kafin jinin ya yi tunanin tsayawa, ya miƙe zaune.

Perpetual ta gwada tata. "Baba, ko mu a church, in mutum na fasting kuma ciwo ya zo, pastor da kansa zai ce ka ci abinci. Allah ba zai fushi ba."

"Na gode, 'yata," ya ce mata da fara'a, irin wadda ake yi wa yaron da ya kawo shawara a taron manya.

"Abeg, Baba, ruwa kaɗan."

"Allah ya yi miki albarka."

Ta kalle ni, na kalle ta. Audugar da ke kan dadashin ta riga ta rine.

Abin da ya cece ni shi ne halin malamai: ba sa iya barin mas'ala a rabi. Yana kwance jini na bin gefen bakinsa, sai ya ɗaga yatsa ya fara karantar da mu.

"A yadda muka karanta, mai azumin nafila ba ya karyawa don wani ya roƙe shi, ko da rantsuwa aka haɗa shi. Sai dai in iyayensa ne suka umarce shi don tausayi, ko malamin da ya karantar da shi. Malamaina kuwa duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu."

Ya lumshe ido, ya gama da mu.

"Perpetual," na ce, "wayata na cikin jaka. Nemo min Maiturare, ki sa a sifika."

Idanun nan suka buɗe tar.

Maiturare kakata ce, ita ta haifi Kawu da mahaifiyata. Tana Paikon Kore a gidan autanta da ke noma a can. Ta tsufa tukuf, idanunta sun daɗe da rufewa, amma bakin nan na nan da kaifinsa. Kuma ga inda gizo ke saƙar: Kawu ne ɗanta na fari. Tsohuwar nan irin mutanen da ce, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tun yana jariri aka miƙa shi ga kakarsa ta wajen uba. Ba ta faɗin sunansa, ba ta masa magana kai tsaye, in ya zo gaishe ta sai ta juya baya ta amsa wa bango. A bakinta sunansa "wancan".

"Rumasa'u," ya ce, "kada ki..."

"A buɗe baki, Kawu." Na cusa sabuwar auduga na danne da yatsa. Allah ya yafe min, na ji daɗin yin hakan.

Wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Aka sake. Kubra ce ta ɗauka, matar autan, tana bayan gida tana ɓarar agushi. Sai da ta gaishe ni, ta tambayi aiki, ta tambayi yara, sannan ta fara tafiya. Muna jin takunta, muna jin awaki, muna jin ta tsaya tana yi wa wani yaro faɗa a kan bokiti. Ni kuwa yatsana na kan ƙashin Kawu, ina jin ɗumin jinin yana ratso safar hannu.

"Wa ke nan?" muryar tsohuwar ta fito.

"Ni ce, Rumasa'u."

"Oho, 'yar gari. Yau aka tuna ina da rai? Ina mijin naki mai rowa? An yi ruwa wajenku? Mu nan shekaranjiya ya kwana yana..."

Da kaka ai ba a kunya, nan ne kawai bakina ke da 'yanci a gidanmu.

"Maiturare, ajiye ruwan nan tukuna. Kawu Liman ne kwance a gabana, na yanka masa dadashi, jini ya ƙi tsayawa. Ya ɗauki azumi, ya ƙi shan magani, ya ƙi haɗiye ko yawu. Ya ce sai ke za ki sa shi ya karya."

Ta yi tsaki.

"To ni ina ruwana? Ke da kika yanka ai ke za ki ɗinke."

"In bai karya ba sai dai in cire haƙorin."

"Haƙori nawa?"

"Ɗaya."

"Ɗaya! A kan haƙori ɗaya kika tashe ni? Cire mana. Ni ko ɗaya ba ni da shi, ga ni nan ina cin tuwona. A bar mutum da ibadarsa."

Kawu ya gyaɗa kai a ƙarƙashin hannuna, har da ɗan murmushin gefen baki. Na rasa wanda zan fara shaƙewa tsakanin uwar da ɗan. Perpetual ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa.

"Ke tuwo kike ci da bakinki," na ce. "Shi karatu yake yi da nasa. In na cire, karatun zai canza. Ya ce ajiye limancin zai yi."

"Canzawa kamar yaya?"

"Iska za ta riƙa fita. Ba zai fito yadda aka saba ji ba."

Sai muryar Kubra daga gefe, ita da ba ta iya riƙe magana ba: "Lah, Iya! Karatun da kike sa ni in kunna miki kullum da hantsi? Wanda samarin masallacinsu suka ɗauka da azumi?"

"Wa ya tambaye ki?" tsohuwar ta daka mata tsawa. "Wa ya sa bakinki?"

"Ai ke kika ce in ba shi ba ba kya..."

"Kubra!"

Na ji muƙamuƙin Kawu ya tsaya cak a ƙarƙashin yatsana. Bai sani ba. Ni ma ban sani ba, kuma na tabbata mahaifiyata ba ta sani ba.

Can tsohuwar ta yi gyaran murya. "Ke Rumasa'u. Ki ce wa wancan ya sha ruwa."

Na sauke ajiyar zuciya. "An ji ko, Kawu? Perpetual, kawo kofi."

Ya kama hannuna ya janye shi daga bakinsa a hankali. Na zaci tofarwa zai sake yi, har na buɗe baki. Amma bai tashi ba. Wayar yake kallo.

"Saƙo ne," ya ce. "Jika ce ta faɗa min. Ban ji umarni ba."

Wallahi a lokacin na yi niyyar in ajiye kayan aiki in fita in bar musu asibitin. Lokacin allurar ya kusa ƙarewa, jini na zuba, shi kuma ya samu sabuwar mas'ala. Sai da na dube shi sosai na gane ba mas'ala ba ce. Dattijo mai furfura, wanda ya aurar da 'ya'ya, yana kallon waya kamar yaron da aka bari a bakin ƙofa. Haushin da nake ji ya bi ta wani wajen, tausayinsa ya kama ni.

"Maiturare," na ce a hankali, "kin ji shi."

Awaki na ta kuka a can. Wani ya wuce da babur. Na fara tunanin layin ya yanke.

"Datti."

Sunan ya fito kamar ya yi wa tsohuwar nauyi a baki.

"Na'am, Iya."

"Sha ruwa. Ka sha maganinka. Ka kwanta yarinyar nan ta yi aikinta."

"To, Iya."

Wannan "to" ɗin daban yake. Ya laluba aljihu ya fito da ƙwayar maganin a ƙulle cikin 'yar leda, ashe yana tafe da ita yana jiran magariba. Ya yi bismilla ya kora da ruwa. Ya kwanta. Na ga maƙogwaronsa ya motsa, ya haɗiye, ya sake haɗiyewa. Hawaye na gangarawa ta gefen idonsa zuwa kunne, ni da Perpetual muka yi kamar hasken fitila ne ya dame shi.

Na cusa auduga a ramin na danne, wannan karon ba wanda ya ture ni. Muka jira har hannuna ya yi tsami. Perpetual ta auna, ya fara sauka. Ta sake aunawa can gaba, ya ƙara sauka. Na ɗaga audugar a hankali, na kankare ragowar naman ƙurjin da ke maƙale a bango, don shi ne ya fi tsiyayar da jini. Na ɗan taɓa ruwan nan mai launin tsatsa a inda ke tsattsafowa, wurin ya yi baƙi ya tsaya. Na leƙa madubi. Ga ƙarshen saiwar nan fari tas, a bushe, har ina ganin ɗan ramin tsakiyarsa. Na gyara ramin, na ɗauko simintin kaɗan-kaɗan na cusa, na danna, na share.

Abin haushin aikin nan, bayan duk wannan fama, sai ka kankare baƙin da maganin ya bari, ka wanke, ka tsokano jinin da hannunka ya dawo ya cika ramin, don da shi ƙashi ke tohowa. Na tsokano shi, ya zo a hankali kamar bai taɓa yi min rashin mutunci ba. Na mayar da dadashin na ɗinke.

"An gama, Kawu. Haƙori na nan. A ciji audugar nan. Ba tofi, ba kurkure baki, kuma ba magana har yamma. Na'ibi ya ja sallah kwana biyu, duniya ba za ta tashi ba."

"An gama?"

Duk muka juya. Wayar na kan kanta inda Perpetual ta ajiye ta. Ba wanda ya kashe, tsohuwar kuma ba ta ajiye ba.

"Au, kina nan? An gama."

"Ki ce ya yi magana in ji."

"Yanzun nan na hana shi magana."

"Ke kika hana. Ni na ce ya yi."

Na buɗe baki zan ba ta amsa daidai da ita, sai na ga Kawu na kallona. Bai cire audugar ba. Jira yake in ba shi izini, abin da bai taɓa yi ba tunda nake. Na yi tsaki, na sa hannu na zare masa ita da kaina.

"Kalma biyu, Kawu. Kada a ƙara."

Ya matso da bakinsa kusa da wayar. Leɓen ya kumbura, allura ba ta gama sakinsa ba, maganar ta fito a dagule kamar da ruwa a bakinsa.

"Iya, ina wuni."

Na fara shirya bayanin cewa kumburi ne, zai sauka, kada ta ce na lalata mata shi. Sai muka ji tana dariya ƙasa-ƙasa, irin ta wadda ba ta da haƙori.

"Haka yake magana lokacin da ya yi famfara," ta ce. "Ina jinsa ta bayan zana, yana biya allonsa a gidan kakarsa. Wancan giɓin ma ya warke."

Kawu ya rufe ido. Jini ya ɗan tsattsafo a bakin ɗinkin. Na naɗe sabuwar auduga na ɗora a wurin.

"A ciji, Kawu," na ce.

Ya ciza.